Ƙananan karnukan gayu: ku daina sa su tsalle don bidiyo

Na san wasu za su ga kan maganar nan su ce malam ya rasa abin rubutawa sai kare. To, a yi min uzuri a karanta tukuna. Duk wanda ke shiga unguwannin masu hali a Akra ko Kumasi ya ga yadda ƙananan karnukan nan na Turawa suka yi yawa, irin su Ciwawa da Fomeraniyan da Maltis, waɗanda ba su wuce girman kyanwa ba. Sau da yawa kuma ba masu gidan ke kula da su ba. Yaranmu na Zango ne, masu gadi da direbobi da 'yan mata masu aikin gida, ake bar wa ciyarwa da wanka da fita da su. Ranar da karen ya karye, su ake fara tuhuma, wani har aikinsa yake rasawa a kan abin da ba a taɓa yi masa bayaninsa ba.

Ra'ayina shi ne, sa irin waɗannan karnuka su riƙa dirowa daga gado da kushin, ko su yi ta tsalle da ƙafafun baya don a ɗauki bidiyo a ɗora a TikTok, cutarwa ce, kuma wanda ya saye su shi ke da alhakin hanawa.

Mu fara da jikin dabbar. Ciwawa, wanda ya ci sunan wata jiha a Meksiko, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa kusan santimita 20. Gadon zamani mai katifa yakan kai santimita 60. Ka ga duk dirar da zai yi ninki uku na tsayinsa ce, kuma ba sau ɗaya yake yi a yini ba. Da an ƙwanƙwasa ƙofa ya diro, da ya ji motsin kwano ya diro. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar nauyin saukar, alhali ƙasusuwan hannu biyu na irin wannan kare sirara ne kamar fensir. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin cewa karaya kusa da wuyan hannu ta zama ruwan dare a ƙananan karnuka, kuma yawanci ba mota ce ta buge su ba, daga hannun mutum ko daga kan kujera suka sauko. Abin da ya ƙara dagula lamarin, jinin da ke zuwa wannan ɓangare na ƙashin ba shi da yawa, don haka ɗauri kawai ba ya cika haɗa shi, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Wanda ya kai shi wurin mai ɗori, kamar yadda muka saba yi wa akuya, zai iya tarar da ƙashin bai kama ba bayan makonni.

Sai matsalar da ta fi yawa, wato gocewar ƙoƙon gwiwa. A gaban gwiwar ƙafar baya akwai ɗan ƙashi da ke zamewa sama da ƙasa a cikin wani kwari na ƙashin cinya. A ƙananan karnuka da dama kwarin ba shi da zurfi, ko ƙafar ta ɗan karkace tun haihuwa, sai ƙoƙon ya riƙa fita daga hanyarsa, galibi ya yi ta ciki. Alamarsa mai sauƙin gani ce: kare na gudu, sai ka ga ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi taku uku ko huɗu da sauran, sannan ya miƙe ta ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Mutane dariya suke yi, wai salo ne. Ɗalibaina sun taɓa nuna min irin wannan bidiyo a waya, an ma sa masa kiɗa. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A na farko sai an tura ƙoƙon da hannu yake fita kuma ya koma da kansa, a na huɗu kuwa ya zauna a waje dindindin, ko da hannu ba ya komawa. Duk fita da komawar da yake yi guringuntsi yake gogewa, daga nan sai amosanin gaɓa, wani lokaci har jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke.

A nan dole a yi adalci. Tsalle ba shi ne asalin wannan ciwo ba, gado ake yi. Akwai ma masu cewa dabba mara nauyi faɗuwa ba ta cika yi mata illa ba, ga kyanwa tana dira daga katanga ta wuce abinta. Gaskiya ne, amma kyanwa Allah ya yi ta da jikin hawa da sauka. Waɗannan karnuka kuwa mutane ne suka yi ta zaɓen ƙanana suna haɗa su har suka koma haka. Kakannin Fomeraniyan manyan karnukan aiki ne na ƙasashen sanyi, kuma a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta ƙaunaci ƙananan cikinsu, aka shiga yayin rage musu girma. An rage jiki, ba a rage zuciya ba. Karen yana jin kansa zaki, ƙashinsa na tsuntsu. Idan gwiwa dama tana da rauni, dira ta yau da gobe ce ke kai ta matakin da sai tiyata.

Gidajenmu ma suna taimaka wa ciwon. Yanzu kowa tayil yake sawa, mai santsi kamar madubi. Karen ya diro, ƙafafu su zame, gwiwa ta murɗe. Ga ƙiba: ana ba shi ragowar shinkafa da mai da tsoka saboda so. Rabin kilo a jikin kare mai kilo 3 daidai yake da mutum mai kilo 60 ya ƙara kilo 10. Masu dogon baya da gajerun ƙafafu, irin su Dakshund, nasu ya fi muni, don guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu kan tsage ya danne laka, kare ya wayi gari ƙafafun baya sun daina aiki.

Wani zai ce mu Musulmi ina ruwanmu, tunda ba ma ajiye kare a ɗaki. Hukuncin ajiye kare na malamai ne, kuma sanannen abu ne cewa an yi rangwame don farauta da kiwo da tsaron gona, ba don ado ba. Ni ma ba na kiran kowa ya je ya saya. Amma tun muna makarantar allo aka karantar da mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta kulle. Dabbar da aka damƙa maka amana ce ko da ba ka sonta. Ballantana muna zaune da maƙwabta waɗanda ba addininmu ɗaya ba, yaranmu na shiga gidajensu, kuma yaro ɗan shekara biyar da ya ɗauki ɗan kwikwiyo ya sake shi daga tsaye ya isa ya karya shi.

Gyaran ba shi da tsada. Ko dai a hana shi hawa gado tun yana ƙarami, ko a sa kafinta ya yi masa ɗan matakala ko gangaren katako, a lulluɓe da tsohon kafet, a koya masa bi da ɗan abinci. A shimfiɗa darduma inda ya saba sauka. Yaro in zai riƙe shi, ya zauna a ƙasa. A riƙa yanke masa farce, a fita da shi yawo kullum don naman cinya ya yi ƙarfi ya riƙe gwiwar. Kwikwiyon da bai cika shekara ba ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, shi ya fi buƙatar tsaro. Mai saye kuma ya nemi ganin uwar da uban, ya kalli tafiyarsu, ya guji masu tallar ƙaramin da zai shiga kofin shayi.

Ga ƙannena masu aiki a irin waɗannan gidaje: da kun ga ɗingishi, ko karen ya ƙi hawa matakala, ko ya yi ƙara in an ɗauke shi, ku gaya wa mai gida a ranar, in da hali ku ɗauki bidiyon tafiyar ku tura masa don ya zama shaida. Kada ku ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen na iya ɓula masa ciki ya lalata ƙoda, kuma ga dabba mai kilo 2 ƙwaya ɗaya ma ta yi yawa. A kai shi wurin likitan dabbobi ya taɓa gwiwar, in ya ga da buƙata ya ɗauki hoton ƙashi. In kun je, ku tambaya ko allurar haukan karensa ba ta wuce lokaci ba, tunda ku ne hannunku ke kusa da bakinsa kullum.