Kurakuran Majigin Armageddon

Jama'a, makon nan zancenmu a kan wani wasan majigi ne na Amurka mai suna Armageddon, wanda aka fitar cikin 1998. Wai wani dutse mai girman jihar Teksas ya taso daga sararin sama zai rugurguza duniya, saura kwana 18. Sai aka aika masu haƙar mai su huda shi ƙafa 800, su binne bam, ya tsage biyu.

To, mu auna. Faɗin Teksas ya fi mil 700, amma Ceres, babba duk cikin irin duwatsun nan, bai cika mil 600 ba. Mai wannan girma, da masana taurari sun hango shi tun da shekaru. Ramin ƙafa 800 a jikinsa kuwa cizon sauro ne a jikin giwa. Sa'an nan ana jin rugugi, wuta na ci, alhali can babu iskar da za ta ɗauko ƙara, balle ta hura wuta. Har wa yau labarin yana ƙaryata kansa: nan mutane na tafiya daram kamar a tsakar gida, can motarsu ta tashi kamar audugar rimi.

Abin da ni ke gudu, kada yara su ɗauka bam ne magani. Cikin 2022 hukumar NASA ta kara wa wani ƙaramin dutse, Dimorphos, jirgi, lokacin kewayensa ya ragu da fiye da rabin sa'a. Watau dabara ita ce a hango da wuri, a ture kaɗan. Malaman makaranta, ku bayyana wa almajiranku wannan, gama ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya.

Haza wasalam.