Baƙon sauro daga Asiya: ina ya dosa a Najeriya?

A shekarar 2020 masana na Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya, NIMR, suka gano wani nau'in sauro mai suna Anopheles stephensi a jihar Gombe. Wannan ne karon farko da aka ba da rahoton ganinsa a Afirka ta Yamma.

Asalin sauron daga kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. An fara ganinsa a Afirka a 2012, a birnin Jibuti da ke gaɓar teku, sannan ya ɓulla a Habasha da Sudan a 2016, da Somaliya a 2019.

A Jibuti, mutane 27 aka samu da zazzaɓin cizon sauro a 2012. Ya zuwa 2020 adadin ya haura 73,000.

Sawun ƙwayoyin halitta

Kamar yadda ake gane dangin mutum ta jininsa, haka masana ke bin sawun sauro ta ƙwayoyin halittarsa. Nazarin ya nuna cewa wanda ke gabashin Afirka dangin na kudancin Asiya ne na kusa.

Wannan ya ƙarfafa zaton cewa jiragen ruwa na dakon kaya ne suka shigo da shi, daga nan ya bi hanyoyin fatauci zuwa cikin ƙasa. Ke nan nisan gari da teku ba kariya ba ne.

Nazarin ya kuma nuna cewa magungunan kashe ƙwari da dama ba sa yi masa illa yadda ya kamata.

Barazana ga birane

Sauron da aka saba da shi a arewacin Najeriya ya fi hayayyafa a kududdufan damina, yana kuma raguwa da rani. Shi kuwa baƙon, duro da tanki da ruwan da ake tarawa a wuraren gini sun wadace shi har cikin rani.

A nan ne lamarin ya shafi Kaduna, mahaɗar manyan hanyoyin mota da na jirgin ƙasa. Unguwanni irin su Mahuta, a kudancin kogin Kaduna, inda gine-gine ke ƙaruwa kuma gidaje ke ajiye ruwa, suna da irin yanayin da ke yi masa daɗi idan ya iso.

Wani bincike na 2020 ya ƙiyasta cewa ƙarin mutane miliyan 126 a biranen Afirka na iya shiga haɗari idan ya bazu. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2019. Gidan sauro na nan da amfaninsa, amma rufe mazubin ruwa da binciken tsutsar sauro a tashoshin mota da kasuwanni su ne za su nuna ko an tari baƙon da wuri.