Kangayen Tsakiyar Birni: Kafin A Kira Katafila

Duk wanda ya ratsa tsakiyar Kano, daga Fagge zuwa Sabon Gari, ko ya bi ta Titin Bello ya faɗa Titin Murtala Muhammad, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina gani. Tsakanin sabbin benaye masu gilashi akwai gine-ginen da aka yi watsi da su: wani rufinsa ya rufta, wani an kai shi hawa na biyu an tsaya, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama, wani kuma tsohon kamfani ne da aka garƙame tun zamanin da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara durƙushewa. Wannan fili da kangon ke zaune a kai yana cikin mafi tsada a duk Arewa, amma ba ya ba kowa masauki, ba ya ba kowa aiki.

Mutane da yawa suna ɗaukar matsalar a matsayin muni kawai, wato abin da ke ɓata wa gari kwalliya. Ai da a nan ta tsaya da sauƙi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kango yakan zama juji, ya zama makewayin masu wucewa, ya zama matattarar masu shaye-shaye da maɓoyar 'yan daba. Da damina ya tara ruwa, sauro ya hayayyafa, katangarsa ta jiƙe ta faɗa kan gidan maƙwabci. Mai shagon da ke jikinsa yana rasa masu saye, mai gidan haya yana rage kuɗi. Mai kangon kuwa yana can wata unguwa, ko wata ƙasa, babu abin da ya taɓa shi.

Wanda yake ganin an cika zuzuta haɗarin ya tuna da birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. A ranar 31 ga Agusta, 2023, gobara ta tashi a wani bene mai hawa biyar a tsakiyar birnin, mutum 76 suka rasu. Benen mallakar hukumar birnin ne, ta yi sakaci da shi, wasu suka mamaye suna karɓar haya daga talakawa, aka yayyanka ɗakuna da katako, aka toshe hanyoyin fita. Ginin da aka bari ba ya zama fayau. Wanda ba shi da wurin kwana zai shige shi, kuma shi ne zai fara mutuwa.

Me ya sa mutum zai bar dukiya irin wannan ta lalace? Dalilan ba su da yawa. Na farko gado ne da ba a raba ba: mai gida ya rasu, magada sun kai ashirin, wasu ma sun rasu sun bar nasu magadan, shari'a ta shekara goma a kotu, babu mai ikon sayarwa, babu mai niyyar gyarawa. Na biyu, kuɗi ya yanke ana tsakiyar aiki, siminti ya ninka farashi. Na uku, kuma shi ya fi yawa a inda fili ke da tsada, lissafi ne: darajar filin tana hawa kowace shekara ko an gina ko ba a gina ba, don haka barin sa ya fi riba a kan wahalar gyara. Na huɗu gwamnati ce da kanta, wadda gine-ginenta da na hukumominta suke cikin manyan kangayen kowane babban birni a Nijeriya, domin sabuwar gwamnati ba ta son ƙarasa aikin da za a yaba wa wadda ta gabace ta.

Idan aka dubi waɗannan dalilai, za a ga katafila ba ta warware ko ɗaya. Kano ta ga rusau a watan Yuni na 2023, lokacin da aka rushe gine-gine a harabar tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Ko mutum yana goyon bayan dalilin gwamnati ko yana adawa da shi, abin da ya biyo baya a fili yake: ɓaraguzai, da ƙararraki, har Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Waɗannan ma sabbin gine-gine ne. Idan aka rushe kango ba tare da an san abin da za a yi da filin ba, an mayar da kango mai bango ya koma kango marar bango, juji kuma ya samu ƙarin fili.

Abin da ake bukata shi ne a sa barin kango ya zama asara ga mai shi. Matakin farko rajista: Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA ta ƙirga su unguwa-unguwa, da taimakon masu unguwanni da dagatai waɗanda suka san gidan wane ne da yadda aka yi ya mutu, a buga jerin kowa ya gani, gine-ginen gwamnati a sahun gaba. Sai sanarwa da wa'adi: ka gyara, ko ka ba da haya, ko ka sayar. Wanda ya ƙi, haraji ya hau kansa, yana ƙaruwa shekara bayan shekara. A Ingila ƙananan hukumomi suna da ikon ninka harajin gidan da ya shekara babu kowa a ciki, idan ya kai shekara goma kuwa mai shi zai iya biyan ninki huɗu. Mu ma tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi hurumin harajin gine-gine, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke takardar mallaka idan an saɓa sharuɗɗanta. Dokar tana nan. Abin da ya rage a yi amfani da ita bisa ƙa'ida, a kan kowa, ba a kan abokin hamayya kaɗai ba.

Sai dai kada a haɗa attajirin da ke jiran farashi da marayun da rikicin gado ya ɗaure. Su waɗannan taimako suke bukata: kotunan shari'a su ware zama na musamman don gadon da ya daɗe, a ƙiyasta gidan, a sayar ko a ba da haya, kowa ya karɓi rabonsa. Wanda kuɗi ya yanke masa a haɗa shi da mai jari, su yi yarjejeniya a rubuce.

Kuma Kano ba baƙuwa ba ce wajen raya tsohon gini. Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya yi zaman ofishin Turawa, ya yi makaranta, yau gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa ma haka aka adana shi. Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa ya shafe shekaru a tsaye ba a kammala ba, daga baya aka ƙarasa shi, ya zama mazaunin farko na Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012. Garin da ɗalibai ke neman ɗakin kwana, masu sana'a ke kasa kaya a kan titi, bai kamata ya rasa abin yi da bene mai hawa uku ba.

Akwai ginin da ya riga ya mutu, injiniya ya duba ya ce barin sa haɗari ne. Wannan a rushe shi, a caji mai shi kuɗin aikin. Amma rusau ya zama mataki na ƙarshe, bayan rajista da sanarwa da haraji. Majalisar Dokokin Jiha na iya fara wannan aiki da tambaya ɗaya ga ma'aikatun gwamnati: gine-gine nawa kuka mallaka a cikin birni waɗanda babu kowa a ciki, kuma tun yaushe?