KADA MU BINNE KWAMFUTA DA RANTA

A ganina, yawancin kwamfutocin da ake cewa sun mutu a gidajenmu ba su mutu ba, rashin bincike ne ya kwantar da su. Ga dalilina.

A hutun da ya wuce, da na koma gida Kurfi, yayana ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa don in riƙa koyo, tun da yake tun 2015 da kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB. Ya sa mata Ubuntu, wato wani nau'i na Linux, tsarin nan na kyauta da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Komai na aiki, amma ta ƙi ganin Wi-Fi sam. Na kai ta wurin wani mai gyara, ya duba sama-sama ya ce katin ya ƙone, in kawo kuɗi a saya sabo. Babanmu ya ce ba shi da su, a ajiye ta.

Sai na hau mota zuwa Dutsin-Ma wurin malaminmu na kwamfuta. Ya ce, "Yaro, ka tambaye ta abin da ke damunta?" Na ce, "Malam, ashe ana tambayarta?"

Da farko ya sa na rubuta rfkill list, don mu ga ko an kulle katin ne da maɓalli. Ba a kulle ba. Sannan na rubuta lspci, sai ga sunan katin ya fito. Ashe yana nan daram! Abin da ya rasa shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin katin da tsarin. Ga shi kuwa sai da intanet ake sauko da ita. Sai muka jona wayar Malam da igiyar USB, muka ari intanet ɗinta, muka sauko da direban, muka kashe muka kunna. Nan take Wi-Fi ya bayyana.

Wani zai ce wannan wahala ce, gara a biya a huta. Gaskiya ne akwai wahala, kuma wani lokaci katin kan lalace da gaske. Amma da an saya sabo, da kuɗin sun tafi a banza, ni kuma ban koyi kome ba. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kada a jefa tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin gado, a ba yara su gwada. Mu kuma ɗalibai mu riƙa bincike daki-daki kafin mu yanke hukunci. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 tana kusa da mu, amma ta gaban kwamfuta za mu bi kafin mu shige ta. Allah ya ba mu sa'a, amin.