Tattalin Gida: Kafin ki miƙa wa mai gwangwan tsohuwar kwamfuta

Yau za mu leƙa bayan ƙyaure da ƙarƙashin gado ne, inda ake tura kayan da aka daina amfani da su har ranar da mai gwangwan zai ratso unguwa da kurarsa, a miƙa masa, ya ba da robar wanki ko 'yan canji.

A Yelwa da Wara da Shanga akwai gidajen da ke ajiye da tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, mai farin akwati. Wata maigida ya saye ta gwanjo lokacin da yake da shagon buga takardu, wata daga ofis aka yi gwanjonta, wata kuma ta yaro ce tun yana makaranta. Mai gwangwan a sikeli zai ɗora ta, kuɗin ƙarfe zai biya. Amma a cikinta akwai wani faffaɗan allo, galibi kore ko ruwan ƙasa, wanda duk sauran kayan ke maƙale a jikinsa. Masu gyara na ce masa madabod, masu sayen tarkace kuma fanel. Shi mai gwangwan ya san da zamansa, domin idan ya isa wurin dila ware shi yake yi, farashinsa daban.

A shekarar 2015 wata mata a jihar Kalifoniya ta Amurka ta kwashe tarkacen mijinta bayan rasuwarsa, ta kai wa wani kamfanin sarrafa tsofaffin kayan lantarki a garin Milpitas, ta tafi ko sunanta ba ta bari ba. Da aka buɗe kwalayen sai ga kwamfutar Apple ta farko, ƙirar 1976, wadda kusan 200 kawai aka yi. Aka sayar da ita dala 200,000, kamfanin ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabi. Ban kawo wannan labari don ki sa rai da irinta a ɗakinki ba, uwargida, da wuya a samu ko ɗaya a duk ƙasar Yawuri. Abin lura shi ne matar ba ta tambayi kowa ba kafin ta rabu da kayan.

To yaya za a gane mai daraja? Sa yaro mai hankali ya kwance notunan gefen akwatin, bayan an tabbatar ba ta jone da wuta. Kada a ce bari a kunna a gani, domin injin wutar da ya shekara goma a ajiye yana iya ƙone allon nan take. A fara neman sunan kamfani da lambar ƙira, ana rubuta su da farin fenti a tsakiyar allon: ASUS, Gigabyte, MSI, Intel da makamantansu. Sai a duba ƙwaƙwalwar, wato ɗan murabba'in da ke ƙarƙashin fanka. Idan an ga 386 ko 486, an samu tsoho na gaske, domin Intel ta fito da na farkon a 1985, na biyun a 1989. Pentium ta zo a 1993, Pentium II a 1997, Pentium III a 1999, sai Pentium 4 a 2000. Ita wannan ta ƙarshe ita ta fi yawa a gidajenmu, kuma yawanta ya karya mata daraja, sau da yawa kuɗinta bai fi na tarkace da wani abin kirki ba.

Akwai wata alama mai sauƙi. A gefe guda na allon za ki ga wasu dogayen ramuka a jere. Farare gajeru ba abin mamaki ba ne. Amma idan akwai baƙaƙe dogaye, a riƙe allon da kyau. An daina yin irinsu tun farkon shekarun 2000, ga shi har yau akwai injinan masana'antu da na ɗakunan gwaji da ba sa aiki sai da su, masu irin waɗannan injina kuwa sun gwammace su sayi tsohon allo da su canja injin gaba ɗaya. Sannan a Turai da Amurka da Japan akwai masu tara tsofaffin kwamfutoci don sha'awa, kamar yadda iyayenmu ke jera tasoshi da kwalla. Shekarun allon ma a rubuce suke: a bayan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan akan sa lamba huɗu, misali 9423, ma'ana mako na 23 na shekarar 1994.

Lafiyarsa ita ce rabin kuɗinsa. Mu da ke bakin ruwa mun san yadda danshin damina ke cin ƙarfe, ga ɓera ga kyankyaso. A duba ko akwai tsatsa, ko wani kore-kore kusa da batir, domin tsofaffin alluna na da batir mai kamar 'yar ganga wanda ke yoyo ya cinye layukan tagulla. A duba 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye, idan kansu ya kumbura sun lalace, amma mai gyara na iya canja su. Kada a wanke da ruwa, kada a goge da tsumma. A riƙe shi ta gefe, a naɗe a takarda a sa a kwali. Leda kan tara wata 'yar wuta, musamman da hunturu, irin wadda ke tartsatsi a mayafi, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe allon.

Daga nan sai ciniki. A ɗauki hoto mai kyau, lambar ta fito sosai, a nemi lambar a intanet. A eBay a duba kuɗin da aka riga aka sayar da irinsa, kada a ruɗu da wanda mai kaya ya yanka wa kansa. Aika kaya waje daga Yelwa wahala ce da tsada, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne a tura hoton ga masu gyara biyu ko uku, na gida da na Kontagora ko Sakkwato, ko ɗan'uwa da ke zuwa titin Beirut a Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Idan ba a gwada shi ba a faɗa, idan yana da aibi a nuna, haka shari'a ta ɗora wa mai sayarwa. Kuma ko wa za a sayar wa, a cire ma'ajiyar bayanai tukuna, wato ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da ake kira hadis, domin hotunanki da na 'ya'yanki mata da takardun maigida na iya kasancewa a ciki, ko da an ce an goge.

Idan kwamfutar ta mamaci ce, Allah Ya jiƙan musulmi, to ta shiga gado. Ba a ba da ita a bakin robar wanki alhali akwai marayu masu haƙƙi a cikinta.

Saura maganar da ta fi damuna. Ƙasarmu ƙasar haƙar zinari ce, samari sun ji cewa akwai zinari a jikin waɗannan alluna. Gaskiya ne akwai, amma shafe ne da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, sai an tara tuli kafin a ga abin kirki. Don neman wannan ɗan abin ne wasu ke ƙona allo ko su jiƙa shi a asid a bayan gida. Allunan da aka ƙera kafin 2006, shekarar da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, kusan duk da dalma aka liƙe su. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinarin da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400, ko ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Dalma ba ta wari, tana zama a ƙasar tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, mai ciki kuma ta kai wa abin da ke cikinta.

Saboda haka ko allon ya tabbata mushe, a sayar da shi ɗungurungum yadda yake, kada a fasa, kada a ƙona, kada a ba yara su yi mota da shi, kuma kada a jefa shi a kogin da muke cin kifinsa. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.