Hatimi Ba Bincike

'Yan'uwa ɗalibai, akwai na'urar cajin mota mai aiki da lantarki wadda ke auna wutar da gida ke ci. Da an kunna murhun lantarki ko abin sanyaya ɗaki, sai ta rage wa motar rabonta, don kada wayoyi su ɗau zafi. A Amurka, duk wanda ya nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan irinta sai ya sha tambaya. Mai bincike zai tono tsofaffin takardu ya ce: ina sabon abu a nan? Raba wuta tsakanin kayan gida ai ba yau aka fara ba.

To, mu fa? Dokarmu ta 1970 ta ɗora wa magatakarda duba cikar takardu da biyan kuɗi kurum. Sabo ne ko tsoho, ba ruwansa. Ya buga hatimi, shekara 20 ke nan! Kamfanin da aka kora a waje yana iya samun takarda a Abuja. Injiniyanmu kuwa da ya haɗa irinta a Kano, ko dai ya janye kayansa daga kasuwa, ko ya nemi kuɗin lauya ya tafi Babbar Kotun Tarayya neman a soke ta. Muna neman a gyara dokar, a ɗauki injiniyoyi aikin bincike.