Daga Ƙanƙara zuwa Karkanda: Wa Zai Cika Kujerun?

A garin Ƙanƙara ba a taɓa ganin ƙanƙarar da za ta ɗauki nauyin mutum ba. Iyakarta ta zubo tare da ruwan farkon damina, yara su tsinta, kafin su kai ta baki ta narke. Don haka na san mai karatu zai yi mamaki idan na ce zan ɗauko zancen yau daga Kanada, ƙasar da ake buga ƙwallon gora a kan daskararren ruwa, 'yan wasa na sulɓi da takalma masu kaifin wuƙa. Abin da ya sa na je can shi ne, birane biyu na wannan ƙasa sun riga mu yin jarrabawar da Katsina ke cikinta yanzu: shin katafaren filin wasa na iya raya gari ya kuma jawo ƙwararriyar ƙungiya, ko kuwa sai garin ya rayu tukuna filin ke yin amfani?

Birni na farko shi ne Kebek. A 1995 ƙungiyarsu ta Nordiques, wadda ke buga babbar gasar NHL, ta tattara ta koma Denver ta Amurka, kuma shekara na zagayowa ta ci kofi a can. Wannan abu ya daɗe yana yi wa mutanen Kebek ciwo. Sai hukumomin birnin da na lardin suka yanke shawarar gina sabon zauren wasa da kuɗin jama'a, bisa fatan cewa idan masu gasar suka ga gini za su maido masu da ƙungiya. An buɗe zauren a 2015, mai kujeru sama da 18,000, bayan ya lashe kimanin dalar Kanada miliyan 370. A 2016 masu gasar suka zauna, suka ba Las Vegas sabuwar ƙungiya, birnin da ke tsakiyar hamada, suka ce wa Kebek ta dakata. Bayan nan suka ba Seattle. Har yanzu ƙungiyar matasa ce ke wasa a wannan zaure, sai mawaƙa da ke zuwa lokaci-lokaci. An sayi sirdi na alfarma, doki bai zo ba.

Birni na biyu shi ne Winnipeg, wanda shi ma ya rasa tasa ƙungiyar a 1996. Su hanyar da suka bi daban ce. Wasu 'yan kasuwar garin suka riƙe ƙaramar ƙungiya mai buga gasa ta ƙasa da NHL, suka yi shekaru suna tara 'yan kallo. A 2004 aka buɗe zaure mai kujeru kusan 15,000 a ƙwaryar birni, a gurbin wani tsohon kanti, inda mutane dama ke kai da kawo. Shekara bakwai suna nuna cewa suna iya cika shi, suna iya biyan albashi. Da ƙungiyar Atlanta ta shiga matsala a 2011, su aka sayar wa, kuma tikitin kaka guda 13,000 ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Zauren Winnipeg bai kai na Kebek girma ba. Abin da ya fi shi da shi jama'a ce da ta saba zuwa, da masu kuɗin da suka sa nasu a ciki.

To, mu dawo gida. Filin wasa na Karkanda a birnin Katsina an aza harsashinsa tun farkon shekarun 1990, zamanin gwamnan soja John Madaki, aka yi watsi da shi shekara da shekaru, sai gwamnatin Ibrahim Shema ta kammala shi a 2013. A 2016 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa masa sunan Sarki Muhammadu Dikko. An ce yana ɗaukar mutum 35,000. Ba na cikin masu cewa kammala shi kuskure ne. Ginin da aka bari rana da ruwa na ci asara ce da ta fi kowace, kuma filin ya yi rana: lokacin da rikicin Boko Haram ya hana El-Kanemi Warriors wasa a Maiduguri, Katsina na cikin garuruwan da suka ba ta masauki. Katsina United ma ta samu gida da za ta yi alfahari da shi.

Amma duk wanda ya taɓa shiga filin a ranar wasan lig na yau da kullum, ba ranar da Kano Pillars ta zo ba, ya san kujerun da babu kowa a kansu sun fi waɗanda aka zauna. Idan wasa ya tashi, wurin sai ya koma shiru har wani mako ko biyu. Ƙungiyar kuma, kamar yawancin takwarorinta a Najeriya, ta gwamnatin jiha ce: abin da ke riƙe ta kasafin kuɗi ne, abin da ake samu a ƙofa bai taka kara ya karya ba. A 2022 ta faɗi daga babbar gasa, a 2023 ta dawo, filin yana nan yadda yake a duka shekarun biyu. Gini bai hana faɗuwa ba, bai kuma kawo tashi ba.

Kwatanta wannan da filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, wanda bai kai rabin Karkanda ba. Yana tsakiyar hada-hada, kusa da marina, ba nisa da Kantin Kwari. Ɗan kasuwa na iya rufe shago da la'asar ya taka da ƙafa ya shiga. A nan Pillars ta yi shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida a wasan lig ba, har zuwa 2015, ta kuma ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ba filin ne ya kawo kasuwa Ƙofar Mata ba. Kasuwa da jama'arta sun riga shi da ɗaruruwan shekaru, shi ya zo ya zauna a inuwarsu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba idan ana maganar raya birnin Katsina, wanda mu mutanen kudancin jihar muka fi kowa sani. Birni ba ya cika da mazaunansa kaɗai. Abin da ke raya ƙwaryar kowane babban gari shi ne baƙin yini: manomin da ya sayar da masara, ɗalibin da ya zo ganin gari, matasan da suka haɗa kuɗin mota don kallon ƙwallo, su ci abinci, su sayi takalmi, su koma. Ina yaro, tafiya irin wannan ba ta buƙatar shawara da kowa sai aljihu. Yanzu a lissafa. Wasa na farawa ƙarfe huɗu, ya tashi wajen shida. Wane direba ne zai ɗauko hanyar Dutsin-ma zuwa 'Yantumaki zuwa Ƙanƙara da almuru da rai kwance? Daga Sabuwa kuwa tafiyar ta haura kilomita 200, ta Dandume da Funtuwa. Wani ƙanena da ba ya barin wasan Katsina United ya wuce shi a rediyo ya taɓa ce mini: "Yaya, kallon minti casa'in ba zai sa a sayar da gonar Baba a biya kuɗin fansa ba." Ban sami abin ce masa ba.

Wannan tsoro yana da tarihi. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su bayan kusan mako guda, amma makarantun kwana da dama sun daɗe a rufe, kuma makarantar kwana ita ce gonar da ake shuka 'yan wasa a ƙasar nan. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da dalilinsa na tsaro. Amma kowannensu ya tsinke zare ɗaya daga cikin zaruruwan da suka ɗaure ƙauye da birni. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, aiki mai kyau da ya rage cunkoso. Sai dai gadar tana sauƙaƙa wa wanda ya riga ya iso gari ne. Wanda ya kasa barin Faskari ba ta san da shi ba.

Yanzu ga tambayar ƙwallon gora kanta. Irin wadda ake bugawa a ƙasa, ba a kan ƙanƙara ba, ba baƙuwa ce a Arewa ba. Tsofaffin makarantun gwamnati sun buga ta, kuma maƙwabciyarmu Kaduna na da ƙungiyoyin Kada Stars ta maza da Kada Queens ta mata. Sai dai tun gasar Olamfik ta 1976 wasan ya koma kan shimfiɗar roba ta musamman, wadda a manyan gasanni har jiƙa ta ake yi da ruwa. Shimfiɗa ce mai tsada, mai son kulawa. Ina iya hango ranar da wani zai kawo wa gwamnati takarda ya ce a shimfiɗa irinta a Katsina domin jihar ta zama cibiyar wasan. Idan ranar ta zo, ina roƙon a tuna da Kebek, a kuma yi masa tambaya uku: makarantu nawa ne a jihar ke da sandunan wasan yau? Malaman wasanni nawa ne suka iya koyar da shi? Wa zai biya kuɗin ƙofa don ya kalla? Idan amsoshin ba su da ƙarfi, to ƙwararriyar ƙungiyar ƙwallon gora a Katsina za ta zama wani layi ne kawai a takardar albashin gwamnati, wanda gwamna na gaba zai iya sokewa da alƙalami ɗaya.

Ba sai mun je Kanada ba ma kafin mu gane yadda wasa ke kama ƙasa. Sarkin da filin ke ɗauke da sunansa ya nuna mana. Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Usman Nagogo kuma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da Afirka ta taɓa yi. Wasan baƙo ne, amma ya tarar da dawaki a barga, da mahaya da suka saba da hawan salla, da masu sirdi da linzami a kasuwa. Abin da aka ƙara sanda ce da ƙwallo. Haka dambe: ba gwamnatin da ta gina masa fili kafin ya yi suna. Idan kaka ta yi, manomi ya sami kuɗi, sai a kewaye fage da zana, makaɗa su zo, mutane su biya da hannunsu su shiga. Har gobe dambe na cikin 'yan wasannin da ɗan kallo ke ciyar da ɗan wasa kai tsaye a ƙasar Hausa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka ga abin da nake gani. Kafin a ƙara tubali ɗaya da sunan wani sabon wasa, a sa filin da ake da shi ya yi aiki kwana bakwai a mako: a ba 'yan dambe da 'yan kokawa fage a harabarsa, a ba makarantu ranakunsu, a bar masu abinci da masu ɗinkin riguna su kama shaguna da haya mai sauƙi. Katsina United ta riƙa bayyana yawan tikitin da ta sayar da abin da ta samu a kowane wasa, domin wanda bai san yawan 'yan kallonsa ba ba zai iya zuwa gaban ɗan kasuwa ya nemi jari ba. A kuma kai wasa inda mutane suke. Gasar makarantu da ta unguwanni a Funtuwa da Malumfashi, wadda za a fara da hantsi a tashi kafin la'asar, za ta ba yaron Sabuwa da na Faskari damar zuwa ya koma gida da rana tsaka. Mai son ƙwallon gora ya fara daga nan: sanduna, malami ɗaya ko biyu da aka tura Kaduna suka koyo, da filin makaranta da aka share. Idan bayan shekara goma aka ga mutane na tsayawa a rana don kallo, lokacin ne maganar shimfiɗar roba za ta yi ma'ana.

Na san za a ce ana ta kai wa ke ta kaya, mutanen da ke kwana da ido ɗaya ina ruwansu da ƙwallo. Ni kuwa a ganina nan ne ma'aunin yake. Jami'ai na iya kawo alƙaluma su ce tsaro ya inganta, ana iya zaman sulhu a ɗauki hoto. Ni zan yarda ranar da motar haya ta cika da samarin Ƙanƙara bayan wasan yamma a Karkanda, direba ya tayar ba tare da ya dubi agogo ba, iyayensu kuma suka yi sallar isha'i ba su kira waya ko sau ɗaya ba. Ranar nan kujerun za su fara cika, kuma ba sai an gina wasu ba.